Sassaƙa Cokalin Ice a Gida: Daga Maƙera Zuwa Tukunyar Miya

Cokalin farko da na sassaƙa bai taɓa shiga tukunya ba. Na gama shi da la'asar sakaliya a wani watan Disamba, na ɗora shi a bakin taga don duk wanda ya shigo ya gani. Gari na wayewa na tarar ya tsage tun daga baki har wuya. Iskar hunturu ta zuƙe ruwan jikinsa a dare ɗaya, aikin kwana uku ya koma makamashi. Abin ya yi mini ciwo, amma daga ranar na gane cewa da yawa daga cikin bidiyoyin sassaƙa da muke kallo a YouTube na mutanen Suwidin da Ingila ne, ƙasashen da iskarsu ke da laima kusan duk shekara. Wanda zai yi aikin nan a Sakkwato, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, hunturu kuma ya farfasa leɓe da diddige, dole ya yi lissafi da garinsa.

Sassaƙa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Turmi da taɓarya, akushi, muciya, koshiya, allon karatu, ƙotar gatari, duk daga hannun masassaƙa suke fitowa. Abin da zan nuna a nan ɗan ƙarami ne a kan nasu: yadda ma'aikaci ko ɗalibi ko ɗan kasuwa, wanda bai gaji sana'ar ba, zai zauna a zaure bayan la'asar ya fitar da cokalin miya daga reshe guda. Abu biyu ke yanke hukunci a aikin nan, kaifin ƙarfe da yadda ka bi da ruwan da ke cikin ice. Sauran duk hannu ne zai koya a hankali.

Kayan aiki

Ƙarfe uku sun isa: ƙaramin gatari, miƙaƙƙiyar wuƙa gajera, da lanƙwasasshiyar wuƙa ta ƙwaƙule cikin cokali. Ka haɗa da zarto, adda, fensir, da kututturen da za ka riƙa sara a kai, wanda tsawonsa ya kai maka gwiwa ko ya ɗara kaɗan.

A Turai masu wannan sha'awa sun fi fara wa da wuƙaƙen Morakniv, waɗanda ake ƙerawa a garin Mora na Suwidin. Mai lamba 106 da mai lamba 120 su ne miƙaƙƙu, mai lamba 164 kuma ita ce lanƙwasasshiya. Wuƙaƙe ne masu kyau, in kana da wanda zai riƙo maka daga waje kada ka ƙi. Amma ban ga dalilin da zai sa mutumin da ke gari ɗaya da Maƙera Assada, unguwar maƙeran Sakkwato, ya zauna jiran jirgi ba. Maƙeranmu sun iya, abin da suke buƙata kawai ka faɗa musu ainihin abin da kake so.

Ga yadda za ka yi. Yanki kwali ka zana siffar kowace wuƙa da girmanta na gaskiya, ka tafi da shi. Miƙaƙƙiyar wuƙa, ruwanta kada ya wuce santimita 7 zuwa 8, faɗinta wajen santimita ɗaya da rabi a gindi, tana tsukewa har tsini. Kaurin ƙarfen milimita 2 da rabi zuwa 3. Muhimmin abu shi ne gangaren kaifi, wato wurin da aka zaftare ƙarfen har ya zama baki. Ya kasance shimfiɗaɗɗe daga ɓangarorin biyu, faɗinsa milimita 6 zuwa 7, babu tudu babu ƙusumbi. Wannan ke ba da kusurwar wajen digiri 25. Wuƙar mahauta bakinta ya yi siriri da yawa, ice zai naɗe shi. Wuƙar ɗaki kuma tana lanƙwashewa a hannu, ba za ka iya sarrafa ta ba.

Lanƙwasasshiyar ita ce ke ba maƙeri mamaki. Ranar da na kai zanenta, dattijon da na samu a bakin zugazugi ya juya kwalin sau biyu, ya dube ni ya ce, "Yaro, wagga wuƙa taka mi za ta yanka, tana lanƙwashe haka kamar lauje?" Na ce, "Baba, cikin cokali za ta ƙwaƙule." Sai ya gyaɗa kai, ya ce to ai ƙanwar abin da masu akushi ke aiki da shi ce, ya tura yaronsa ya ɗauko guntun sifirin na mota. Lanƙwasarta ta yi kamar zagayen murfin kwalbar lemo, gangaren kaifin yana daga waje, cikin kuma sumul yake. Ka gaya wa maƙeri hannun da kake aiki da shi. In ka riƙe ta, lanƙwasar na kallon sama, kaifin ya fuskanto ka. Wadda aka yi wa na-dama ba za ta yi wa bahago aiki ba.

Ƙarfen da ya fi dacewa shi ne tsohon sifirin na mota ko tsohon magagari. Rodin gini ba ya riƙe kaifi, kada ka yarda a yi maka da shi komai arha. Ka kuma roƙi a shayar da ƙarfen yadda ya kamata: a gasa shi har ya yi jan da maganaɗisu ba ya kama shi, a tsoma cikin mai, a goge shi ya yi fari, sannan a sake ɗumama shi sannu a hankali har bakin ya yi launin busasshen kara. In an tsaya a tsomawa kawai, kaifin zai riƙa gutsurewa kamar tangaran. In an bari ya zarce ya yi shuɗi, ya yi taushi ke nan, kullum kana kan washi. Da ka karɓa, goga magagari a bakin. In ya zame bai kama sosai ba, an dace. In ya ci ƙarfen kamar sabulu, a sake.

Gatari kuwa, nemi wanda kansa bai wuce giram 500 zuwa 700 ba, ƙotarsa santimita 30 zuwa 35. Gatarinmu na gargajiya, mai tsinin da ke shiga cikin ƙota, yana aiki, haka ma gizago ga wanda hannunsa ya saba da shi. Sai dai da rani ƙotar kan bushe kan ya yi sako-sako, don haka duba shi kafin kowane zama. Ni na fi jin daɗin mai ido, wanda ƙota ke shiga cikin ƙarfe, saboda ina iya riƙe shi dab da kai in riƙa aske ice kamar da wuƙa.

Kowace wuƙa ka sa baduku ya ɗinka mata kube. A gidan da ke da yara, wannan ba abin jira ba ne.

Washi

Wuƙar da ta fito daga maƙera ba ta shirya ba tukuna, ko da tana aske gashi. Zan daɗe a nan, domin yawancin waɗanda na ga sun watsar da sassaƙa, dakusasshiyar wuƙa ce ta kore su. Suna zaton ƙarfinsu ne bai kai ba, alhali wuƙar ce ba ta ci. Kuma ita ke yanka mutum, saboda sai ka danna da ƙarfi, in ta kuɓuce babu mai tare ta.

Kada ka kai wuƙarka wurin mai injin washi na kasuwa. Dutsen injin yana gudu, yana zafafa bakin har ya yi shuɗi, duk wahalar da maƙeri ya sha ta tafi a banza. Je wurin masu sayar da kayan fentin mota ka sayi sandfefa mai jure ruwa: lamba 220, 400, 800 da 1200, daga mafi kaushi zuwa mafi laushi. Nemi guntun gilashi mai kauri ko ragowar tayil mai santsi, ka yayyafa ruwa, ka shimfiɗa sandfefar a kai.

Shafe gangaren kaifin duka da baƙar tawadar alƙalamin maka. Kwantar da shi ɗaram a kan lamba 220, yatsu biyu na danne da shi, ka ja wuƙar baya, wato bayan wuƙa na gaba kaifi na biye. Bayan ja biyar ɗaga ka duba. Inda tawada ta goge nan ne ke taɓa sandfefa, inda ta rage nan ne kwari. Ci gaba har tawadar ta goge tun daga saman gangaren har baki. Sannan shafa yatsa daga bayan wuƙa zuwa baki a ɗaya gefen. Za ka ji wani ɗan siririn ƙarfe kamar gashi ya tanƙwaro. Sai ka ji shi daga gindi har tsini kafin ka juya ɗaya gefen. Haka za ka yi a kowace lamba, kana rage dannawa, har ka kai 1200.

Daga nan sai fata. Manna guntuwar fata a kan shafaffen katako, gefen da ba shi da santsi yana sama, ka shafa mata man goge ƙarfe irin Autosol. A garin majema da dukawa, samun guntuwar fata ba abin wahala ba ne. Ja wuƙar a kai sau ashirin kowane gefe. Yayin aiki ka riƙa komawa kan fatar nan duk bayan minti ashirin zuwa talatin, za ka yi makonni ba ka nemi sandfefa ba.

Lanƙwasasshiyar wuƙa kuma, wajenta da ɗan katakon da aka manna wa sandfefa ake bin sa, cikinta da zagayayyen tsinke mai kaurin yatsa da aka naɗe da sandfefa. Wuƙar a tsaye take, sandfefar ke tafiya, kullum daga bayan wuƙa zuwa baki.

Gwajin gaskiya ba gashin hannu ba ne. Yanki ƙarshen ice a gicciye. In wurin ya fito yana sheƙi, wuƙa ta yi. In ka ga farin layi a cikin yankan, akwai gutsure a bakin.

Ice

Ɗanyen ice ake so, wanda aka sare yau ko jiya. Wuƙa na shigarsa kamar rogo. Wannan icen in ya bushe, sai ka sha wuya ninki uku kafin ka gama.

A nan zan roƙi arziki: kada ka sare itace mai rai saboda cokali. Mu da hamada ke ƙwanƙwasa wa ƙofa ba mu da bishiyar zubarwa. Reshe ɗaya mai kaurin santimita 8 zuwa 10 da tsawon kamu biyu yana ba da cokali biyu zuwa huɗu, kuma irinsa ba ya yankewa. Masu lambuna a fadamar Gulbin Rima suna rage rassan mangwaro da gwaiba, iskar farkon damina tana karya rassa a ko'ina cikin gari, maƙwabta suna datse dogon yaron da ya hau musu katanga. Ka yi sallama ka roƙa.

Gwaiba ita ce zaɓina na farko. Namanta a matse yake, tana yankuwa sumul, ba ta da ɗaci ko wari. Mangwaro ya fi ta taushi, ya dace da mai koyo, amma ƙaron ɓawonsa kan sa wasu ƙaiƙayi, don haka ɓare shi ka wanke hannu. Aduwa, wadda ake allo da ita, tana ba da cokali mai launin ɗorawa mai kyau, in ka jure ƙayarta. Magarya ma tana yi. Dogon yaro shi ya fi yawa a garin nan, kuma a Indiya, inda asalinsa yake, ana yin cokula da shi. Yana da wari da ɗaci yana ɗanye, suna raguwa in ya bushe, sai dai zarensa a harɗe yake, yakan tsage ta inda ba ka zata ba. Ƙirya da tsamiya ka bar su sai hannunka ya faɗa. Ba banza ake turmi da ƙirya ba, kuma ba banza maƙera ke neman gawayinta ba. Kuka ba ta da amfani a nan, cikinta kamar soso yake.

Duk abin da ke fitar da farin ruwa kamar nono, irin su tumfafiya da tinya da aguwa, kada ya kusanci abin da zai shiga abinci. Haka katakon rufi da aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, da duk itacen da ba ka san sunansa ba.

Zaɓi wurin da babu ido, wato inda ƙaramin reshe ya taɓa fitowa. Da ka kawo shi gida, in ba a ranar za ka fara ba, saka shi a leda ka ƙulle baki, ka ajiye a inuwa. Da hunturu ko bazara nakan nutsar da shi a cikin bokitin ruwa, ina sauya ruwan duk kwana biyu. Reshen da aka bari a tsakar gida awa uku a watan Maris, bakinsa ya riga ya fara tsagewa.

Fasawa da aikin gatari

Fara da cokalin miya, kada ka fara da na ci. Na miya yana yafe kuskure. Tsawo santimita 30, kansa santimita 8 a tsaye da 6 a faɗi.

Yanke santimita 2 daga kowane ƙarshen icen ka yar, don nan ne ƙananan tsaga ke ɓuya. Tsayar da shi a kan kututture. A tsakiyar zoben icen akwai ɗan ɓargo, ka ɗora bakin adda daidai a kansa, ka bugi bayan addar da gungumen ice, ba da gudumar ƙarfe ba. Zai rabe gida biyu. Yanzu aske fuskar da ta fashe da gatari har ɓargon nan ya fita gaba ɗaya, tare da kamar santimita ɗaya na abin da ke kewaye da shi. Daga ɓargo tsaga ke farawa. Cokalina na Disamba, da na duba daga baya, na bar masa ɓargo kwance a tsakiyar kansa.

Ƙa'idar gatari guda ce, kuma ba ta da sassauci: hannun da ke riƙe da ice yana sama, gatari ba ya taɓa ɗagawa ya wuce wannan hannun. Kana aiki a rabin icen na ƙasa ne kawai, in kana son ɗaya rabin ka juya icen. Ƙafafunka a ware, yadda in gatari ya kuɓuce zai sami kututture ko ƙasa. Sara gajere, daga gwiwar hannu, ba irin na mai faskare ba.

Cokali mai daɗin aiki ba miƙaƙƙe ba ne kamar muciya, yana da ɗan karkata tsakanin kai da mariƙi. Don fitar da ita, auna santimita 6 daga ƙarshen da zai zama baki, ka yi yanka da zarto a gicciye a kan fuskar da ka aske, zurfin santimita ɗaya. Sassaƙo daga ƙarshen mariƙi zuwa wannan yanka, gangare mai tsawo. Juya ka sassaƙo daga baki zuwa yankan, gangare gajere. In ka duba ta gefe za ka ga fuskar ta yi ɗan kwari.

A kan wannan fuska ja layi a tsakiya daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ka zana cokalin. Nakan ninke takarda biyu in yanke rabin siffar, in buɗe, ɓangarorin su fito daidai. A gefe biyun wuya, inda kai ya haɗu da mariƙi, yi yanka da zarto, ka tsaya milimita 3 kafin layin fensir. Waɗannan yankan su ne birki. Sassaƙo daga ƙarshen mariƙi zuwa gare su, ɓarin zai tsaya a nan maimakon ya zarce ya tafi da rabin kan cokali. In ka kusa, rage ƙarfi sosai. Sara ɗaya mai ƙarfi a wurin nan ya sha raba ni da cokali.

Daga nan zagaye kan, ka rage bayan. Duk abin da gatari zai iya cirewa, bar shi ya cire. Minti ɗaya na gatari ya fi minti goma na wuƙa.

Wuƙa

Ice yana da zare, layukan nan da ke bin tsawon reshe. Wuƙa na so ta bi gangare, daga wuri mai tudu zuwa mai kwari, daga mai faɗi zuwa matsattse, kamar mai shafa bayan akuya yana bin kwanciyar gashi. A gefen cokali, wannan na nufin daga inda kai ya fi faɗi zuwa baki, daga inda ya fi faɗin kuma zuwa wuya, sannan daga ƙarshen mariƙi zuwa wuya. In ka ji wuƙa na nutsewa tana ɗaga ice maimakon yankawa, tsaya, ka juya ka fito ta ɗaya ɓangaren. A wuya hanyoyi biyu ke karo, sai da ƙananan yanka daga nan da can har su haɗu.

Riƙo uku za su kai ka. Na farko na dogon mariƙi ne: kana zaune, icen ya wuce gefen cinyarka ta waje, hannu a miƙe, ka tura wuƙa ƙasa da kafaɗa. Na biyu na ƙananan wurare ne: babban yatsan hannun da ke riƙe da cokali yana tura bayan wuƙa, ɗaya hannun yana saita ta kawai. Na uku yana ba da tsoro da farko amma shi ya fi ba da iko: ka tokare ƙarshen cokali a ƙirji, wuƙa na fuskantarka tsininta a sama, gwiwoyin hannu manne da haƙarƙari, ka jawo a hankali. Damtsenka zai tokare da jikinka kafin wuƙa ta iso. Sa guntuwar fata ko kwali mai kauri a ƙirji.

Kafin kowane yanka tambayi kanka inda wuƙar za ta je in ta kuɓuce. In amsar yatsa ce ko cikin cinya, sauya riƙo. Kada ka taɓa sassaƙa a kan cinya ko tsakanin ƙafafu, manyan jijiyoyin jini ta nan suka bi. Ajiye filasta da auduga kusa, ka tabbata allurar tetanus ɗinka ba ta tsufa ba. Ina da tabo a babban yatsan hagu da na samu dab da magariba, haske ya ragu, na gaji, na ce bari in ƙarasa wuya kawai. Tun daga ranar, da an fara kiran salla nake mayar da wuƙa kube.

Wuya nan ne cokali ke karyewa. Sirrin shi ne in ka tsuke shi ta sama, ka bar masa zurfi ta gefe, ƙasansa ya yi ɗan tudu mai gangarowa cikin bayan kai kamar ƙashin ƙirjin kaza. Mariƙi kuma akasin haka, yana faɗaɗa yana sirancewa zuwa ƙarshe.

Ƙwaƙule ciki shi ne na ƙarshe. Zana layi milimita 3 daga gefe ko'ina, wannan ne leɓen cokali, wuƙa ba ta tsallake shi. Fara daga tsakiya, a gicciye da zaren ice, kana ɗebo kaɗan-kaɗan kamar mai kankare ƙanzo. Babban yatsanka ya ɓuya a ƙasan leɓen, ba a kan hanyar kaifi ba. Bayan kowane ɗan lokaci matse kan cokalin tsakanin yatsa biyu ka ji kaurinsa. Milimita 4 zuwa 5 ake so, kuma daidai ko'ina. Mai koyo yakan zurfafa ciki har ya zama ludayi, alhali zurfin santimita ɗaya da rabi ya ishi cokalin miya.

In aiki bai ƙare a zama ɗaya ba, cokalin ya koma leda tare da sassaƙensa, ko tashi za ka yi ka ci abinci.

Busarwa da gamawa

Ice na tsagewa ne in waje ya bushe ya tsuke alhali ciki na jiƙe. Shi ya sa kauri daidai ke da muhimmanci, shi ya sa kuma ake rage wa bushewa gudu. Zuba sassaƙen da ka tara a cikin kwali, ka binne cokalin a ciki, ka rufe, ka tura ƙarƙashin gado, nesa da taga da fanka. Daga Nuwamba zuwa Mayu nakan ƙara da saka shi a leda a kwana ukun farko, kullum in buɗe in juya ledar, ɓangaren da ya yi gumi ya koma waje. A Yuli da Agusta kuwa leda fumfuna take jawowa, kwali kaɗai ya isa. Mako ɗaya zuwa biyu ya bushe. Za ka gane in ka kara shi a kunci ka ji ba sanyi, ka ƙwanƙwasa ka ji ƙara mai kaifi.

Yanzu koma kan fata ka gyara wuƙa sosai, ka bi cokalin duka da yanka siriri kamar ɓawon albasa. Busasshen ice a ƙarƙashin wuƙa mai kaifi yana fitowa da sheƙin da sandfefa ba ta iya bayarwa, kuma ba ya tashi da gashi in ya sha ruwa. Zaftare duk kusurwa mai kaifi a leɓe da mariƙi. In ka zaɓi sandfefa, babu laifi: bi da 220, jiƙa cokalin, bar shi ya bushe, za ka ji ya yi kaushi, sake bi da 400, ka maimaita sau biyu. Amma bayan sandfefa kada wuƙa ta sake taɓa shi, yashin da ya maƙale zai dakushe ta. A ƙarshe murza shi da dutse mai santsi ko gindin kwalba.

Banish da fenti ba su da wuri a jikin abin da zai shiga tafasasshiyar miya. Haka man katako na shagon fenti, akwai sinadaran busarwa a ciki. Man gyaɗa in ya daɗe a jikin icen da ba a amfani da shi yana yin ɗoyi. Ni man kaɗe nake narkawa da ɗan kakin zuma, kashi huɗu da kashi ɗaya, in shafa da ɗumi, ya kwana, in goge. Cokalin da ke aiki kullum ma miya ce za ta ci gaba da ba shi mai. A wanke shi da hannu, a tsane, kada ya kwana a ruwa, kada a shanya shi a rana tsaka.

Na biyar da na yi shi ne na farko da na ga ya isa in kai wa mahaifiyata. Ta karɓa ta juya shi, ta auna nauyinsa a tafin hannu, ba ta ce komai ba ta sa shi a tukunyar miyar kuka. Ta juya sau uku ta ɗago ta ce, "Allah shi yi albarka. Amma wanga baki nashi ya cika zagaye, ba ya kai lungun tukunya, miya za ta kama." Na karɓa na wanke, na zauna nan bakin murhu na miƙar da bakin, na bar masa ɗan kusurwa a gefen hagu inda mai juyawa da dama ke kai shi lungu. Tun daga nan, kafin in zana kan cokali, sai na tambayi irin tukunyar da zai shiga, in kuma akwai hali in ɗauko ta in kara takardar zanen a gindinta.